Yabon Gwani Ya Zama Dole

Har gobe Zazzagawa na tunawa da Muhammadu Durugu, Babban Gwani, maginin Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Da ƙasa da azara ya ɗaga bakan-gizo mai ban mamaki, ya kuma bar wa zuriyarsa sana'ar gado.

To, a ƙasar Kabi fa? Ganuwar duwatsu ta Surame da sunan Kanta ake ambatonta. Tsohuwar fadar Argungu, wadda ta zama gidan tarihi a 1958, Gidan Nabame ake ce mata. Sarakuna sun sami rabonsu, an bar magina a duhu.

A ganina, wajibi ne mu ɗalibai mu bi gidajen magina a Argungu da Birnin Kabi, mu rubuta sunayen kakanninsu da dabarunsu tun dattawa na raye.