Binciken Da Ba Hukuma Ta Yi Ba: Giɓi A Tsarin Mulkin Amurka

Gyara na huɗu na tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, ya hana a binciki mutum ko gidansa ko kayansa ba bisa ƙa'ida ba. Tun 1914 kotunan tarayya ke ƙin karɓar shaidar da jami'an gwamnati suka samo ta hanyar keta wannan doka. To, amma idan mai binciken ba jami'i ba ne fa? Kotun Ƙoli ta amsa a 1921, cikin shari'ar Burdeau da McDowell, inda aka fasa ofishin wani mutum aka kwashe takardunsa aka miƙa wa gwamnati. Kotun ta ce gyaran nan hukuma kaɗai ya ɗaure wa hannu. Wanda aka yi wa ɓarna yana iya ƙarar masu ɓarnar, amma shaidar tana nan daram.

Shari'o'in miyagun ƙwayoyi su ne suka fi fito da nauyin wannan hukunci fili. A 1981 wani kwali ya fashe a hannun ma'aikatan kamfanin Federal Express a filin jirgin saman Minneapolis. Suka buɗe, suka tarar da ƙunshin ledoji cike da farin gari, suka mayar, sa'an nan suka kira hukumar yaƙi da ƙwayoyi, watau DEA. Jami'inta ya sake buɗewa ba tare da takardar izinin alƙali ba, ya ɗebi kaɗan ya gwada, ya tabbata hodar iblis ce. A 1984, cikin shari'ar Jacobsen, Kotun Ƙoli ta ce bai yi laifi ba, domin bai ga abin da ya wuce wanda ma'aikatan suka riga suka gani ba, gwajin kuwa ba ya tona kome sai kasancewar haramtaccen abu ko rashinsa.

Lalle akwai hankali a nan. Ba a ce wa wanda ya yi kiciɓis da ɓarna ya runtse ido, ba a kuwa ce wa ɗan sanda ya manta da abin da aka nuna masa. Sai dai hukuncin ya dogara ne bisa zaton cewa mai buɗe kayan don kansa ya buɗe, wannan zato kuwa ba kullum yake gaskiya ba. Ma'aikacin jirgi, da na otal, da na kamfanin aika kaya, su ne kayan jama'a ke bi ta hannunsu dare da rana. In hukuma ta saba ba su lada duk sa'ad da suka kawo labari, ba ta bukatar ta ce musu su buɗe jakar kowa. Kuɗin ya riga ya faɗa. Ta haka sai ta sami binciken da tsarin mulki ya hana ta, hannunta kuma a wanke.

Wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta gane haka a shari'ar Walther, a 1981. Ma'aikacin wani kamfanin jirgin sama a Seattle ya buɗe akwati ya sami hodar iblis, amma ya bayyana cewa DEA ta sha biyansa a baya, kuma da tsammanin lada ya buɗe. Kotun ta ɗauke shi wakilin gwamnati, ta yi watsi da shaidar. Tambayoyi biyu ta yi: shin hukuma ta sani ta kau da kai, kuma don wa aka yi binciken?

Ma'aunin ya yi daidai, illarsa ɗaya ce babba: wanda ake tuhuma shi aka ɗora wa nauyin tabbatar da alaƙar, alhali kuwa takardun biyan 'yan rahoto suna aljihun hukumar da ke ƙararsa. Kamata ya yi a juya nauyin. Duk sa'ad da mai gabatar da ƙara ya zo da shaidar da wani farar hula ya tono, wajibi ne shi ya fara bayyana wa alƙali ko an taɓa biyan mutumin nan, da nawa, da kuma yaushe.