Ba Sai Bam Ya Faɗo Kano Ba

A yau akwai makaman nukiliya kimanin 12,000 a hannun ƙasashe tara: Amurka, Rasha, Sin, Faransa, Birtaniya, Indiya, Pakistan, Isra'ila da Koriya ta Arewa. Kusan kashi 90 cikin 100 suna hannun Amurka da Rasha, kuma da yawa daga ciki a ɗane suke dare da rana, mintuna kaɗan sun isa a harba su. Amma ka ɗauko zancen a majalisa ko a teburin mai shayi, amsar da za ka samu ita ce: "Ai wannan rigimar Turawa ce, wa zai ɓata bam a kanmu?" Haka ne, da wuya a auna Kano ko Damagaram ko Garwa da makami mai linzami. Sai dai wanda bam ya faɗa wa ya mutu nan take, ya huta. Mu da ke nesa, rabonmu shi ne mutuwar da ke tafe a hankali, ta hanyar rumbu da kasuwa da tukunya. Shi ya sa nake cewa wannan magana tamu ce, kuma shirun da muke yi a kanta ya isa haka.

Mu fara da abin da ya riga ya faru. Ranar 6 ga Agusta 1945 Amurka ta jefa bam guda a birnin Hiroshima na Japan, bayan kwana uku ta jefa wani a Nagasaki. Kafin shekarar ta ƙare, mutum kimanin 140,000 sun mutu a Hiroshima, sama da 70,000 a Nagasaki. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin mutane suna tafe hannuwa a miƙe saboda fatar jikinsu ta saɓule tana lilo, kowa na roƙon ruwa, koguna sun cika da gawa. Sai wani baƙin ruwan sama mai yauƙi ya sauko, masu ƙishirwa suka buɗe baki suka sha, ba su san guba ba ce. Bayan sati ɗaya ko biyu, mutumin da ya fito ba ko ƙwarzane sai gashin kansa ya fara zuba, dasashi na jini, jiki ya yi ɗigo-ɗigo, ya kwanta ya cika. Cikin likitoci kimanin 300 na birnin, wajen 270 sun mutu ko sun ji rauni. Cikin asibitoci 45, uku kacal suka iya ci gaba da aiki. Yarinyar nan Sadako Sasaki tana 'yar shekara biyu bam ɗin ya faɗi. Ta girma lafiya har tana tsere a makaranta, sai sankarar jini ta kashe ta a 1955 tana da shekara 12. Waɗanda suka rayu kuma aka riƙa gudun aurensu, aka riƙa hana su aiki, don tsoron abin da ke jikinsu.

Duk da haka Hiroshima ta farfaɗo, domin akwai sauran duniya. Ma'aikatan jinya sun zo daga garuruwan makwabta, jirgin ƙasa ya dawo, wani likitan ƙungiyar Red Cross mai suna Marcel Junod ya iso a watan Satumba da tan 15 na magunguna. To idan birane ɗari-ɗari suka kama wuta a yini guda fa, daga ina taimako zai fito? Ita kanta Red Cross ta sha faɗa a fili cewa babu wata ƙasa ko hukuma da ke da ƙarfin kai agaji bayan irin wannan hari. Kuma bama-baman yau da yawansu sun ninka na Hiroshima ƙarfi sau goma, sau ashirin, wasu fiye da haka.

Yanzu ga inda abin ya biyo ta ƙofarmu. Babban birni idan ya ƙone, da man fetur ɗinsa da robobinsa da kwaltarsa, baƙin hayaƙin da yake fitarwa yakan haura sama can ƙololuwa, ya wuce inda gajimare ke haɗuwa. A can babu ruwan da zai wanke shi. Iska ta baza shi ya lulluɓe duniya, ya zauna shekaru yana tare hasken rana. Tun 1983 masana irin su Carl Sagan suka yi gargaɗi a kan haka. A 2022 kuma masu bincike na Jami'ar Rutgers ta Amurka, cikinsu har da Lili Xia da Alan Robock, suka lissafa abin da zai samu abinci. Idan Amurka da Rasha suka gwabza gaba ɗaya, hayaƙin zai kai tan miliyan 150, amfanin gonar duniya ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 a cikin shekara uku zuwa huɗu, mutum sama da biliyan biyar su mutu da yunwa. Ko yaƙin da ya tsaya tsakanin Indiya da Pakistan kaɗai, in ya yi tsanani, zai iya halaka sama da biliyan biyu. Waɗannan maƙwabta biyu kuwa ko a watan Mayun 2025 sun yi musayar wuta.

Kada wani ya ce lissafin kwamfuta ne kawai. A 1815 dutsen Tambora ya yi aman wuta a Indonesiya, ƙurarsa ta dushe rana, shekara ta gaba amfanin gona ya lalace a Turai da Amurka ta Arewa, aka yi yunwa. A 1783 wani dutsen ya fashe a Iceland, can ƙarshen arewacin duniya, sai ga kogin Nilu ya kasa cika, Masar ta faɗa yunwa mai tsanani. Abin da ya tashi a sararin samaniyar wata ƙasa yakan sauka a gonar wata.

Manomi ya fi kowa gane wannan. Gero da dawa abincin zafi ne. Da rana suke tsiro, da rana suke fitar da kai, da rana suke nuna. Damina kanta zafin ƙasa ne ke jawo iskarta daga teku. Ku ɗauka hazon hunturu ne mai kauri ya sauka, rana ta koma farin faranti ba zafi, amma maimakon sati biyu ya zauna shekara da shekaru. Manomi ya yi shuka, tsiro ya fito ya tsaya cak. Ruwa ya zo ba kan ƙa'ida ba, ko ya ƙi zuwa. Shekarar farko a ci abin da ke rumbu, a sayar da akuya, a sayar da sa a kuɗin tunkiya domin kowa sayarwa yake yi. Shekara ta biyu uwargida ta kwance ƙullin irin shuka da aka rataye a ɗaka, ta tsaya tana kallonsa tana kallon yara, sannan ta zuba a turmi. Daga ranar da aka daka iri, gidan ya daina noma. Sai a koma tafasa da yaɗiya da anza, a haƙa gidan tururuwa a kwashe hatsin da suka tara. Kakanninmu sun ga haka a yunwar Kakalaba ta 1914, iyayenmu sun ga irinta a 1973 da 1984. Amma a waɗannan shekaru biyu na ƙarshe jiragen ruwa sun kawo hatsin agaji daga ƙetare. A wannan karon ƙasashen da ke aiko da agajin su ne suka zama toka, waɗanda suka rage kuma kowa zai kulle rumbunsa ya rufe iyakarsa.

Kuma ba abinci kaɗai ba ne. Alkamar da muke yin burodi da taliya da ita daga waje take zuwa. Mun ga yadda farashinta da na taki suka yi tashin gwauron zabo a 2022, alhali yaƙi ne a ƙasa ɗaya, Yukiren. Yawancin magungunanmu daga Indiya da Sin suke zuwa. Mai ciwon suga da ke rayuwa da allura, da mai shan maganin hawan jini, da jaririn da ke jiran riga-kafin ƙyanda, dukkansu rayuwarsu na rataye ne da jirgin ruwan da ba zai ƙara zuwa ba. Injin ban-ruwa ya lalace babu kayan gyara. Intanet ta yanke, banki ya rufe, kuɗin da ke cikin waya ya zama lamba. Mutanen Najeriya ba su manta da ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ba, lokacin da mai kuɗi a asusu ya kwana da yunwa. Wancan na 'yan watanni ne, kuma da gwamnati a zaune. Ku auna ranar da albashin soja da ɗan sanda ya daina fita, motocin hatsi suka daina shiga kasuwar Dawanau ta Kano, mutanen birni miliyoyi suka fantsama ƙauyuka neman abin kai wa baki, a yankin da tun yanzu 'yan bindiga ke hana noma. A ranar mai bindiga shi ne hukuma, kuma mata da yara da tsofaffi su za su fara tafiya.

Ina faɗin wannan ne don ku tashi, domin ana iya hana shi, kuma mun taɓa tashi. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, mai ƙarfin da ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu, ƙurarsa ta bi iska har Nijar da Chadi da gaba da su. Kwame Nkrumah na Ghana ya hana taɓa kadarorin Faransa da ke ƙasarsa. Da Faransa ta yi kunnen ƙashi ta sake gwaji na uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda ba ta fi wata uku da samun 'yanci ba, ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961, ta hana jiragenta na sama da na ruwa shigowa Najeriya. Afirka ta Kudu ta ƙera bama-bamai shida, ta kwance su da hannunta. Nahiyarmu ta ƙulla yarjejeniyar Pelindaba a 1996, wadda ta haramta makaman nukiliya a duk faɗin Afirka. A 2018 an kwashe yuraniyom mai ƙarfin da za a iya haɗa makami da shi daga na'urar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, aka mayar da shi Sin. Najeriya na cikin 'yan ƙasashen da suka ja ragamar yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta waɗannan makamai baki ɗaya, wadda aka amince da ita a 2017, ta fara aiki a Janairun 2021. Muna da bakin magana. Yuraniyom ɗin bam ɗin Hiroshima akasarinsa daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango ya fito, kuma tun 1971 ake haƙar wannan ma'adini a Arlit ta Nijar, inda aka bar wa mutanen yankin tsaunukan dusarsa mai guba.

Matsin jama'a yana aiki. A 1986 makaman nan sun kai kimanin 70,000. Abin da ya taimaka wajen rage su shi ne talakawa da suka cika tituna, kamar taron mutum kusan miliyan ɗaya a New York a Yunin 1982, har shugabannin Amurka da Tarayyar Sobiyet, Reagan da Gorbachev, suka zauna suka sasanta. Yau ana warware wannan aiki zare-zare: yarjejeniyar makamai masu matsakaicin zango ta rushe a 2019, Rasha ta janye amincewarta da yarjejeniyar hana gwaji a 2023, ƙasashe taran nan suna kashe dala biliyoyi masu yawa kowace shekara suna sabunta makamansu. Ga kuma haɗarin kuskure. Daren 26 ga Satumba 1983 na'urar Tarayyar Sobiyet ta nuna Amurka ta harbo makamai. Wani hafsa guda, Stanislav Petrov, ya yanke hukuncin cewa na'urar ce ta yi ƙarya, kuma haka ne. Allah ya kiyaye a wannan dare. Bai kamata ran 'ya'yanmu ya dogara ga natsuwar mutum ɗaya da ke kan aikin dare a wata ƙasa ba.

Saboda haka ina kira ga malamanmu: ku hau mumbari da wannan magana. Addinin da ya hana kashe mace da yaro da tsoho a fagen fama, ya hana sare itace da ƙona amfanin gona, yana da hukunci a kan makamin da ba ya bambanta kowa. Ku fito da shi fili. Limaman coci, ku ma haka. 'Yan jarida na rediyo, ku da muryarku ke kai wa ruga da tunga, ku daina karanta labarin barazanar nukiliya a ƙarshen labaran duniya ku wuce. Ku gayyato masana kimiyya daga Zariya da Sakkwato da Yamai su yi wa manomi bayani da Hausa. Malaman makaranta, yaron da ya san ranar samun 'yancin kai ya kamata ya san Reggane.

Ku kuma da ke riƙe da mulki, daga hakimi zuwa gwamna, ku cika rumbunan gwamnati da hatsi na gaske, ku adana irin gargajiya mai saurin nuna, ku tallafa wa noman rogo da dankali da na rani, ku sa a riƙa haɗa muhimman magunguna a gida. Ko ba a taɓa harba bam ko ɗaya ba, wannan tanadi zai cece mu ranar fari da ambaliya, don haka babu asara a cikinsa.

Sauranmu kuma, iyayena da 'yan'uwana a Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan, ƙasashen Afirka da dama sun sa hannu a yarjejeniyar haramcin ta Majalisar Ɗinkin Duniya amma majalisunsu ba su tabbatar da ita ba, wasu ko hannun ba su sa ba. Kowa ya binciki matsayin ƙasarsa. Ƙungiyoyin manoma da na makiyaya, da na 'yan kasuwar hatsi, da na mata, da na ɗalibai, ku rubuta wa wakilanku, ku yi sallama a ofisoshinsu. Ranar 26 ga Satumba ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don neman kawar da waɗannan makamai; a bana mu yi taro a kanta a garuruwanmu. Duk shugaban da zai je Mosko ko Washington ko Beijing ko Paris neman bashi da ciniki, mu ɗora masa wannan saƙo ya tafi da shi, in ya dawo kuma mu tambaye shi amsar da aka ba shi.