Mangwaron ƙofar lakwal da dutsen masu walda

Ni malamin kimiyya ne, kuma uba. Kowace bazara, tun mangwaro bai kama ba sosai, sai in ga tire-tire a ƙofar lakwal cike da mangwaro rawaya shar. Ɗiyata ta taɓa kawo mini guda. Waje ya nuna, ciki fari ne, ga tauri ga tsami. Da na yi wa mai sayarwa magana, cewa ya yi: "Mushe, haka kowa ke yi."

To, ni ban yarda ba.

Abin da ake turara shi da shi karbir ne, dutsen nan na masu walda. In ya ji laima sai ya saki iskar asetilan, wadda ke ruɗin ɗan itace ya sake launi da wuri, tun zaƙi da ƙamshi ba su cika ba. Kuma karbir na walda yakan zo da gurɓin arsenik da fosfor. Hukumar NAFDAC ta Najeriya ta sha gargaɗi a kansa. Wannan ne yaranmu ke ci ba ko wanki, lokacin hutun ƙarfe goma.

Amma ina da faɗa na biyu, da ƴan'uwana malamai masu gaya wa yara wai duk maganin da ya taɓa shuka guba ne. Wannan ragwanci ne. Ɗan itace da kansa yake fitar da iskar etilan in zai nuna. Shi ya sa kakanninmu ke jefa nunanne guda cikin buhun ɗanye su rufe. Akwai magani mai suna etefon da ke sakin wannan iskar, ana aiki da shi a gonakin abarba da auduga a ƙasashe da dama, da awo, da kwanakin jira kafin girbi. Irin waɗannan magunguna, a yankinmu Kwamitin Sahel na magungunan gona, ƙarƙashin CILSS, shi ke ba su izini. Sai dai abin da ke yawo a kasuwannin ƙauye sau da yawa kwalba ce ba takarda, ko takarda da Turancin da manomi ba ya ji, yana awo da murfi.

Wa zai karanta masa? Ɗansa da ke ajinmu, in mun koya masa.

Makon jiya na sa ɗalibaina sun ɗaure tumatir ɗanye da ayaba nunanna a leda guda, wani kuma shi kaɗai. Bayan ƴan kwanaki suka buɗe da kansu. Wata yarinya ta ce za ta nuna wa babanta, mai lambu ne a bakin gulbin Maraɗi.