Taurarin Yanayi A Hannun 'Yan Kasuwa: Ina Makomar Manomin Wurno?

Idan manomin gero da riɗi a Wurno ta Birnin Kudu, ko mai noman shinkafa a fadamun Gwaram, ya ji gargaɗin ruwa mai ƙarfi a rediyo daga Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, ba ya biyan ko sisin kwabo. Sai dai idon da ke hango masa hadarin daga sama ba namu ba ne. Najeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003, ta ƙara da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011, amma babu ko ɗaya cikinsu da aka ƙera domin lura da yanayi. Da taurarin Meteosat na ƙungiyar EUMETSAT ta ƙasashen Turai muke ganin gajimare. Masu iya magana kuwa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Sauyi iri biyu ne ya shigo wannan fage, kuma a ganina bai kamata mu haɗa su wuri guda ba. Na farko shi ne harbawa. Rokar kamfanin SpaceX ce ta kai tauraron yanayi na Amurka, GOES-U, sama a 2024, kuma ita Turawa suka ɗauka haya a 2025 ta kai musu MTG-S1. Ni ban ga aibu a nan ba. Wanda ya ɗauki hayar mota ta kai masa hatsi kasuwa, hatsin bai zama na direba ba.

Na biyun shi ne abin dubawa. Kamfanoni irin su Spire da Tomorrow.io yanzu suna da taurarin kansu, suna auna yanayi suna sayar da bayanan, kuma tun 2020 hukumar yanayi ta Amurka ta shiga sahun masu saye. Abin da aka saya da kuɗi yakan zo da sharaɗin wanda za a ba da wanda za a hana. Alhali tun 1995 ƙasashen duniya suka amince, ƙarƙashin Hukumar Yanayi ta Duniya, su riƙa musayar muhimman bayanai kyauta. A inuwar wannan yarjejeniya talakanmu yake fakewa.

An taɓa gwada wannan hanya. A 1983 gwamnatin Shugaba Reagan ta nemi sayar da taurarin yanayi ga 'yan kasuwa, majalisar dokokin Amurka ta ƙi. Amma taurarin Landsat masu ɗaukar hoton ƙasa an miƙa su ga kamfanin EOSAT a 1985. Farashin hoto ya ninka sau da dama, masu bincike suka janye, har sai da dokar 1992 ta share fagen mayar da su hannun hukuma. Da aka buɗe hotunan kyauta a 2008, amfani da su ya bunƙasa a duk duniya.

Jihar da ta ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ta san darajar gargaɗin kwana biyu: ya isa a janye dabbobi, a kwashe hatsi daga rumbu, a fitar da yara daga ɗakin ƙasa. Ranar da wannan gargaɗi ya zama haja, mai babbar gona zai saya, mai 'yar gayauna ya koma duban gabas.

Saboda haka ina kira ga wakilanmu a Majalisar Tarayya da su tabbatar duk yarjejeniyar da NiMet za ta ƙulla da wani kamfani ta ƙunshi sharaɗi bayyananne, cewa gargaɗin ambaliya da na fari za su isa ga jama'a kyauta. Gwamnatin Jigawa kuma ta kafa ma'aunan ruwan sama a ƙananan hukumomi, domin da awon ƙasa ake tantance abin da tauraro ya hango, sannan ta riƙa yaɗa hasashen da Hausa ta rediyo da malaman gona. Ɗan kasuwa ya ci ribarsa a hayar roka, amma labarin hadari rijiyar gari ce, ba a sa mata kwaɗo.

Allah ya ba mu damina mai albarka.