Wa zai yi mana fim ɗin tsofaffin 'yan sandan da ba sa mantuwa?

A wannan hutun da na dawo gida Daura, datata ta ƙare ne a kan wani shirin Turawa mai suna New Tricks. BBC ce ta yi shi, daga 2003 zuwa 2015, zango 12, kashi 107. Labarin mai sauƙi ne. Rundunar 'yan sandan Landan ta dawo da wasu jami'an bincike uku da suka yi ritaya, ta sa su ƙarƙashin wata jami'a, Sandra Pullman, ta ce su sake buɗe fayilolin kisan kai da ɓatan mutane da aka ajiye shekara ashirin ko talatin ba a gano komai ba. Tsofaffi ne masu gardama da ciwon gwiwa. Su koma wurin shaidun da suka tsufa, su sa a yi wa tsohuwar riga gwajin DNA da babu shi a wancan lokacin, sai gaskiya ta fito.

Ina kallo ina jin haushi, wallahi. Mu da muke da irin waɗannan fayiloli jibgi, ina namu shirin?

Ɗan'uwa, ka tuna 2019. Ranar 1 ga Mayu aka sace Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa. Gari ya girgiza, jami'an tsaro suka duƙufa, bayan wata biyu aka ceto shi a Kano. Alhamdulillahi. Wata ɗaya bayan nan, a farkon Agusta, wasu mutane suka ɗauke Abubakar Idris Dadiyata daga gidansa a Barnawa, Kaduna. Malami ne a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, nan jiharmu, kuma ɗan soshiyal midiya kamar ni da kai. Har yau iyalinsa ba su san inda yake ba. Mun yi ta rubuta sunansa a Twitter da Facebook, sannan wata rigimar ta taso muka koma can. Duk Agusta mu ɗan tuna shi kwana biyu. Ka ƙara da Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, da aka harbe yana jan sallar asuba a masallacinsa na Ɗorayi a Afrilun 2007. Yawancinmu muna yara a lokacin.

Na san za ka ce fim ba ya kama mai laifi. Haka ne. Amma fim yana koya wa mutane abin da za su ɗauka daidai ne. Shekara da shekaru muna kallon Labarina da Izzar So, mun haddace rikicin soyayya da na dukiya, har yaran unguwarmu sun san wa ya yaudari wa. Da a ce duk mako muna ganin dattijo ya kakkaɓe ƙurar wani fayil ya ce maganar nan ba ta mutu ba, da “a bar wa Allah” ba ta zama ita kaɗai ce amsar da hukuma ke ba uwar da aka kashe wa ɗa ba. Barin wa Allah tsakanin bawa da Ubangijinsa ne. Hukuma kuwa bincike aka ɗauke ta ta yi.

Kuma ba wai Kannywood ba za ta iya ba. Kwana Casa'in na Arewa24 ya ƙirƙiro Alfawa, ya taɓa gwamna da 'yan jarida da maguɗin zaɓe, kowa ya gane inda aka dosa ba tare da an kama sunan kowa ba. A yi haka nan ma. A ƙirƙiro gari da mamaci, don kada a fama wa iyalan gaske ciwo.

Masu ba da labarin ma ba sai an je nesa ba. Akwai wani tsohon sufeto a layinmu, kullum bayan la'asar yana kan benci yana lissafin kuɗin fanshonsa da ba ya kai shi ƙarshen wata. Ranar nan na zauna kusa da shi na ce, “Baba, akwai binciken da har yau yake damunka?” Ya yi shiru, sannan ya ambaci shekara, da sunan ƙauyen can wajen iyakar Nijar, da launin zanen da matar ta ɗaura. Aka kira magariba bai kai rabin labarin ba, ya ce in dawo gobe da littafi.