Dokar kamun kifi na kwance a takarda, bakin ruwan Jigawa babu mai tsaro

Duk wanda ya saba tsayawa wurin mai suyar kifi a Limawa, ko wata unguwa ta Dutse, bayan sallar magariba ya san abin da ke cikin kaskon nan. Ko dai kifin ƙanƙara ne da aka kamo a teku ya sha doguwar tafiya daga Kudu, ko tarwaɗar gidan kiwo, ko kuma 'yan ƙananan karfasa da ba su fi tsawon yatsa ba, ana kasa su tsibi-tsibi. Babban bargi ko giwan ruwa na kogi ya zama abin kallo. Idan ma an gan shi, sai mai hali.

Abin mamakin shi ne Jigawa ba ta rasa ruwa ba. Kogin Haɗeja ya ratsa ta daga wajen Ringim, ya bi ta Auyo da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun da suka miƙa har Nguru a Jihar Yobe. Nan kusa da Dutse ma akwai madatsar ruwa ta Warwade. Gidaje masu yawa a waɗannan wurare ba su san wata sana'a ba sai su, tun kaka da kakanni.

'Yan ƙananan kifin nan da ake kasawa su ne shaidar abin da ke faruwa. Karfasar da aka tsamo kafin ta isa yin ƙwai ba ita kaɗai aka cinye ba, har da ɗaruruwan da za ta bari a ruwa. Masunci ya fi kowa sanin haka. Amma idan maƙwabcinsa ya shimfiɗa taru mai ƙananan idanu ya kwashe komai, shi kuma ya tsaya kan kalli mai faɗin ido, to shi ne zai koma gida gora babu komai. Haka kowa yake rage idon komarsa, har aka kai ga gidan sauron da aka raba kyauta don kare yara daga zazzaɓin cizon sauro ya koma kayan su a wasu wurare. Gidan sauro ba ya barin ko ɗan tsaki ya wuce, ga kuma maganin ƙwari a jikinsa wanda guba ne ga kifi.

Mutane da yawa ba su san akwai doka a kan wannan ba. A 1992, shekara guda bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa, gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta kafa dokoki biyu: ɗaya ta kamun kifi a teku, ɗaya ta ruwan cikin ƙasa, wato koguna da tafkuna da madatsun ruwa. Ta biyun ita ta shafi Jigawa. Ta hana amfani da komar da idonta bai kai milimita 76 ba, kimanin inci 3 ke nan, in ban da wasu kayan kamun ƙananan nau'in kifi da ba sa girma. Ta haramta kamun kifi da nakiya, da guba, da wutar lantarki. Ta kuma bai wa kwamishinan jiha ikon rufe wani ruwa, ko wani lokaci na shekara, don kifi ya huta ya hayayyafa.

To ina matsalar take? Na farko, tarar. Kuɗin da aka rubuta a 1992 ba su wuce 'yan ɗaruruwa zuwa 'yan dubban naira ba. A wancan lokacin kuɗi ne masu ciwo. Yau kuwa ko kwandon banda ɗaya ya fi su. Wanda ya zuba guba a tafki ya kwashi kifin dubban ɗaruruwa ba zai ji tsoron irin wannan tara ba. Akwai hukuncin ɗauri a dokar, amma kafin a ɗaure mutum sai an kama shi, kafin a kama shi kuma sai akwai wanda ya gan shi. Jami'in da ke zaune a ofis a Dutse, babu babur balle kwalekwale, ba zai san abin da ake yi da asuba a wani lungun fadama a Guri ba.

Batun guba ba na masunta ba ne kawai. Sunan Gammalin 20 ya daɗe a bakin mutanen bakin ruwa a Nijeriya. Maganin ƙwari ne da aka riƙa zubawa a ruwa kifi ya taso sama, kuma tun 2009 aka saka sinadarin da ke cikinsa a jerin waɗanda yarjejeniyar duniya ta Sitokholm ta haramta. Yanzu kasuwannin ƙauye cike suke da magungunan feshi iri-iri, ana sayarwa ba tare da tambayar mai saye me zai yi da su ba. Kifin da aka kashe da guba, idan ya sha hayaƙin banda, ba mai iya bambance shi da ido. Shi ne zai ƙare a miyar wani gida a Limawa, ruwan kuma shanun makiyaya su sha, yara su yi wanka a ciki.

Adalci ne a faɗi cewa ba masunta kaɗai suka rage kifin Haɗeja ba. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, duk a Jihar Kano, yanayin ambaliyar da ke cika fadamu a damina ya canza, alhali a cikin wannan ruwan da ya malala kan ciyawa ne kifi ke yin ƙwai. Ga kuma kacala, ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa, ta mamaye gonaki da wuraren su. Wanda zai ɗora laifin duka a kan talakan da ke da koma ɗaya bai yi gaskiya ba. Sai dai idan ruwa ya ragu, ai nan ne ya fi kamata a yi tattalin abin da ya saura.

Haka labarin yake a ɓangaren tsuntsaye da namun daji. Dajin Baturiya da ke Ƙaramar Hukumar Kirikasamma ya shiga jerin dausayoyin da duniya ta amince da muhimmancinsu ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2008, saboda tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai su yi hunturu a can. A 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da sababbin gandun daji na ƙasa guda 10, ciki har da na dausayin Haɗeja. Suna mai girma ne, amma suna ba ya sintiri. Dinya da kirinjijiya suna buƙatar ma'aikacin gandun daji mai albashi a kan kari, da abin hawa, da kotun da za ta saurare shi idan ya kawo mai laifi. Dattawa za su iya tuna lokacin da ungulu ke cika kowace mahauta. Yau sai a yi watanni ba a ga ɗaya ba, kuma tun 2015 aka saka irin wadda aka saba gani a garuruwan Hausa cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, saboda guba da masu neman sassan jikinta.

Ko teku ma, duk girmansa, ana iya cinye shi. A 1992 ɗin nan dai, gwamnatin Kanada ta rufe kamun wani kifi mai suna kod a gaɓar Niyufanlan bayan ya kusa ƙarewa, mutane kimanin 30,000 suka wayi gari babu sana'a. A jihohin gaɓar teku na Amurka, irin su Fulorida, hatta mai kamun kifi don nishaɗi sai ya yanki lasisi, an ƙayyade masa girman kifin da zai riƙe da adadinsa, jami'ai kuma suna tare shi su buɗe akwatinsa su auna. Abin lura a tsarin nasu shi ne kuɗin: tun 1950 akwai dokar da ta sa harajin kayan kamun kifi ya riƙa komawa aikin kula da ruwan.

Amma ba sai an je Amurka neman darasi ba. A Argungu, ruwan Matan Fada a rufe yake, ba a shiga su sai ranar da aka buɗe, kuma ba 'yan sanda ke gadinsa ba. Sarkin Ruwa da masarauta ne. Shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai mutum biyu ko uku sun ɗauka. Ƙasar Haɗeja da sauran masarautun Jigawa su ma suna da sarakunan ruwa da shugabannin masunta, waɗanda suka san kowane kwalekwale da mai shi, suka san baƙon da ya zo da dumba ya tare hanyar kifi daga gaɓa zuwa gaɓa. Abin da ba su da shi shi ne ƙarfin doka a bayansu.

Nan ne aikin Majalisar Dokokin Jihar Jigawa yake. Ya kamata ta zauna da masunta ta fitar da ƙa'idojin da suka dace da ruwan jihar, da tarar da ta dace da kuɗin yau, ta kuma rubuta matsayin Sarkin Ruwa a ciki: ikon ƙwace haramtacciyar koma, da hanyar miƙa mai zuba guba ga hukuma. Kuɗin lasisi da na tara a bar wani kaso a wurin da aka karɓe su, a sayi mai da kwalekwalen sintiri, masunta su ga inda kuɗinsu ya tafi.

Sannan a kula kada dokar ta zama wata sabuwar hanyar tatsar talaka. An saba ganin yadda kowane shingen bincike ke rikiɗewa ya zama wurin karɓar na goro. Idan za a hana mutum komarsa mai ƙananan idanu, a ba shi wa'adi da rangwamen sayen wadda doka ta yarda da ita. Idan za a rufe ruwa a watannin da kifi ke ƙwai, a sanar tun da wuri ta rediyo da masallatai, a kuma fara hukunci daga kan dillalin da ke ba da jari da kayan aiki, ba yaron da ya tura cikin ruwa ba.

Bincike kuma ya fi sauƙi a tudu. Fadama tana da lunguna da yawa, amma hanyoyin da kifi ke bi ya shigo kasuwa sanannu ne. Jami'i ɗaya da sandar awo a kasuwar kifi ta Haɗeja, wani a Shuwarin, wani a babbar kasuwar Dutse, za su iya fara rubuta girman kifin da ke shigowa da inda ya fito tun kafin majalisa ta gama zamanta.