Kada Ka Baro Shago Da Kwamfuta Wayam

Yaran ƙauyen Abare na Zamfara da suka tsira daga gubar dalma ta 2010, waɗanda likitocin MSF suka yi wa magani suna goye a bayan iyayensu, yau su ne matasan da suka kai shekarun neman shiga manyan makarantu. Zamanin da suka taso a ciki kuwa ba ya yi sai da kwamfuta. Tun 2015 JAMB ta daina jarrabawar takarda, WAEC ma ta fara gwada ta kwamfuta a 2024. Wanda ya samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara, ba ya rabuwa da aikin da sai an buga. Shi ya sa a Anka da Gummi da Bukkuyum za ka ga an sayar da rago ko 'yan buhunan gero, an haɗa kuɗin laftof, an ba wani amintacce ya tafi Gusau ko Sakkwato, ko titin Beirut a Kano.

Can mai shago zai ajiye masa sababbi guda biyu, kamfani ɗaya, ƙarfi ɗaya, amma ɗaya ta fi sauƙin kuɗi. A jikin kwalinta an rubuta FreeDOS. Ita ake ɗauka mana. Sai an kunna a ga baƙin allo, da ɗan harafin C a saman kusurwar hagu, da wani ɗan layi yana ƙyaftawa. Babu hoto, babu abin latsawa.

Mu fara wanke mai shago: wannan ba damfara ba ce. Kamfanoni irin su HP da Lenovo su ke fitar da irin waɗannan da gangan. Duk kwamfutar da ta zo da Windows, an zuba kuɗin lasisin Microsoft a cikin farashinta. Idan aka cire lasisin, farashi ya sauka, sai a sa FreeDOS, wata ƙaramar manhaja ta kyauta da Jim Hall ya fara a Amurka a 1994, don dai na'urar ta tashi. Mota ce sabuwa fil, sai dai babu direba. Abin da nake ja a kai shi ne wanda ake ɗorawa a kan sitiyarin, da yadda ake ɗora shi ba tare da an tambayi mai motar ba.

Kowa ya san abin da ke biyo baya. "Alhaji, ba damuwa, yanzu yaro zai saka maka Windows." Yaro ya zaro filas daga cikin makullansa, ya soka, ya yi 'yan latse-latse. Da ya gama, sai ya kashe manhajar tsaro ta Windows, don in tana kunne ba za ta bar shi ya gudanar da ɗan kirak ɗin da zai yaudari na'urar ta ɗauka an biya lasisi ba. Sau da yawa kuma ya toshe hanyar sabuntawa, don kada asiri ya tonu. Mai saye yana gefe yana danna waya. Ba wanda ya san inda kirak ɗin ya fito, ko me aka cusa a cikinsa, kuma filas ɗin nan ya shiga kwamfutoci bila adadin. A kan wannan na'urar yaro zai buɗe imel ɗinsa, ya shigar da lambar NIN, ya biya kuɗin makaranta da katin banki.

Rashin sabuntawa ba ƙaramin abu ba ne. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ta fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ta kama. Ga kuma wata: tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 yadda ta saba, amma har yanzu ita ce a filas ɗin masu gyara da yawa.

Ɗan birni in kwamfutarsa ta rikice, ya hau acaɓa ya koma shago. Ɗan Abare fa? Kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki; ba a hawa su don an manta saka manhajar sauti. Sauke Windows daga intanet na cin sama da gigabait biyar, a wurin da sai ka nemi tudu kafin saƙo ya tafi, caji kuma sai na sola. Ba mu manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara, ƙauyuka suka yi makonni babu sabis. Rangwamen da aka samu a shago, kuɗin mota da data ke cinye shi. Araha ba ta ado.

Za a ce min lasisi tsada gare shi. Gaskiya ne: Microsoft na sayar da Windows 11 Home dala 139, abin da ya fi ƙarfin manomi. Amma zaɓi bai tsaya tsakanin tsada da sata ba. Akwai Linux, wadda Linus Torvalds ya fara yana ɗalibi a Finlan a 1991. Nau'o'inta irin su Ubuntu da Linux Mint kyauta ne, halal ne, kuma da LibreOffice ana buɗe takardun Word da Excel. Ɗalibin da aikinsa rubutu ne da bincike da kallon darasi, sun ishe shi. Ba zan ɓoye iyakarsu ba: mai shagon buga takardu da ke cin abinci da CorelDRAW, ko ɗalibin zanen gini da ke buƙatar AutoCAD, gara ya ƙara kuɗi ya sayi mai Windows tun daga kamfani.

Mai sayen ta hannu kuma ya riƙe wannan: yawancin kwamfutocin da suka fito da Windows 8 zuwa sama, lambar lasisinsu na ajiye a jikin na'urar. Ko an goge komai, in aka saka Windows ta asali irin wadda ta zo da ita, sai ta gane lasisinta da kanta. Masu gyara da yawa kan ɗora kirak a kan na'urar da tuni an biya mata. Sai dai a lura: Windows 11 na neman guntun tsaro na TPM 2.0, wanda tsofaffi da yawa ba su da shi.

Don haka duk wanda aka aika sayayya, kada ya baro shago sai an kunna a gabansa. Ya tambaya kai tsaye: wace manhaja aka saka, da lasisi ko babu? Ya ga manhajar tsaro a kunne. Ya haɗa ta da intanet ɗin wayarsa, ya gwada sauti da kyamara, don waɗannan ne kan ƙi aiki bayan sabon sakawa. Ya sayi filas mai gigabait takwas a zuba masa kwafin manhajar ya tafi da shi gida. Sannan a rubuta amsar a kan rasit.

Nauyin ba na mai saye kaɗai ba ne. Ƙungiyoyin masu sayar da kwamfuta a Gusau da Kano za su iya wajabta wannan rubutun a rasit ba tare da jiran gwamnati ba. Sassan kimiyyar kwamfuta na makarantunmu kuma su ware rana guda a makon karɓar sababbin ɗalibai, a saka wa kowa manhaja ta halal kyauta, a koya masa sakawa da hannunsa. Yaro ɗaya da ya iya wannan a Abare zai hutar da gari guda hawa hanya.